In buɗe shago a Boden saboda masana'antar ƙarfen da ake ginawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata goma sha ɗaya a Uppsala ta ƙasar Suwidin, ina da ɗan shago na kayan abincinmu: manja, garin rogo, busasshen kifi, kuka, shinkafa da naman halal. Ƙanena yana aikin walda a Boden, can arewa, inda ake gina masana'antar ƙarfe ta Stegra. Ya ce baƙi sun cika gari kuma babu inda za su sayi abincin da suka saba. An nuna masa shagon haya, amma mai shi yana son yarjejeniyar shekara biyar. Na tara krona 400,000, akwai kuma adashen da zan kwasa. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ƙara albarka a nema. Abin da ƙanenka ya gani gaskiya ne, akwai mutane, akwai buƙata. Amma kada ka sa hannu a hayar shekara biyar ɗin nan. Zan gaya maka dalili, sannan in nuna maka hanyar da za ka ci kasuwar ba tare da ka jefa guminka na shekara goma sha ɗaya a wuri guda ba.

Mu fara da Skellefteå, wani gari a arewacin Suwidin, don ba ta da nisa sosai da Boden, kuma labarinta bai tsufa ba. A can kamfanin Northvolt ya gina masana'antar batirin mota, ya fitar da batirinsa na farko a Disambar 2021. Manyan masu kuɗi irin su Volkswagen da Goldman Sachs suka zuba jari. Aka ɗebo ma'aikata daga ƙasashe da dama, har da na Afirka da Asiya. Kuɗin haya ya tashi, hukumar gari ta ci bashi ta yi hanyoyi da makarantu, masu gidajen abinci da masu aski da masu wankin mota suka bi sahu. Sai ya zama masana'antar ta kasa fitar da batiri mai inganci da yawan da ta yi alkawari. A Yunin 2024 BMW ya janye cinikin Yuro biliyan 2. A Satumba aka sanar da sallamar ma'aikata 1,600, dubu ɗaya daga cikinsu a Skellefteå. A Nuwamba kamfanin ya nemi kariya daga masu binsa bashi a kotun Amurka, bashin da ya kai dala biliyan 5.8. Ranar 12 ga Maris 2025 ya durƙushe a Suwidin. Daga batirin farko zuwa rushewa, shekara uku ne da 'yan watanni. Wanda ya ɗauki hayar shekara biyar a 2022, lokacin da gari ke tashe, yana nan yana biyan mai gida bayan masu saye sun watse.

Akwai wani abu a labarin da ya shafe ka kai tsaye. Baƙon da ya shigo da izinin aiki daga wajen Tarayyar Turai, zamansa a ɗaure yake da aikinsa. Lokacin da aka yi sallamar, doka ta ba irin wannan mutum wata uku ya sami wani aiki, in ba haka ba ya tattara ya bar ƙasar. Ɗan ƙasa in ya rasa aiki yana nan, yana karɓar kuɗin rashin aiki, yana sayen burodi da madara. Mai sayen manja da busasshen kifi shi ne farkon wanda zai hau jirgi. Wato cinikinka ya fi na kowane shago a garin rauni a ranar da abubuwa suka juya.

Ba ina cewa abin da ya sami Northvolt zai sami Stegra ba. Sana'ar daban ce. Ƙarfe abu ne da arewacin Suwidin ya sani tun kaka da kakanni: ga ma'adinin Kiruna da Malmberget, ga masana'antar kamfanin ƙarfe na SSAB a birnin Luleå, ga wutar lantarki mai araha daga madatsun kogin Lule. Dabarar kuma an gwada ta. Maimakon a ƙona gawayin kwal don a raba ƙarfe da iskar oksijin da ke maƙale da shi, ana amfani da iskar haidirojin da aka tsago daga ruwa da wutar lantarki, sai tururin ruwa ya fita a madadin hayaƙi. Haɗin gwiwar HYBRIT na SSAB da kamfanin haƙar ma'adini LKAB da kamfanin lantarki Vattenfall ya yi haka a Luleå, har ya kai wa Volvo ƙarfen farko a 2021. Ni kaina ina fatan aikin nan ya yi nasara, domin sarrafa ƙarfe na cikin manyan abubuwan da ke dumama duniya, kuma mutanenmu na bakin Sahara suna cikin waɗanda zafin ya fi ci.

Sai dai fata daban, lissafin shago daban. Stegra, wanda a da ake kira H2 Green Steel kafin ya sauya suna a 2024, ya tara kusan Yuro biliyan 6.5, amma a ƙarshen 2025 ya fito yana neman ƙarin kusan biliyan ɗaya domin kuɗin gini ya zarce yadda aka tsara. SSAB ya ɗage buɗe sabuwar masana'antarsa ta Luleå zuwa ƙarshen 2029 saboda layin wutar da zai ciyar da ita bai kammalu ba. LKAB ya sassauta shirinsa na Gällivare. Wani kamfanin taki na Sifaniya, Fertiberia, ya fasa aikinsa a yankin a 2024 don bai sami tabbacin wuta ba. Abin mamaki ne a ce wuri mai wadatar wuta yana fama da ita, amma haka ne: wutar tana nan, wayoyin da za su kai ta inda ake so ne ke ɗaukar shekaru, ga neman izini, ga batun filayen kiwon barewar Samawa, 'yan asalin yankin, waɗanda ke da haƙƙin a saurare su. Layin dogon ma'adini ma, Malmbanan, mafi yawansa hanya ɗaya ce. Da jirgi ya kauce a Disambar 2023 sai da aka rufe ɓangaren da ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Narvik a Norway kusan wata biyu. Kamfani mai biliyoyi yana iya jure jinkirin shekara guda, amma mai shago kuɗin haya ne ke jiransa duk ƙarshen wata.

Yanzu ga tambayar da nake so ka yi wa ƙanenka, kuma ya ba ka amsa tsakani da Allah: mutanen da ya gani sun cika gari, su wane ne? Mafi yawansu 'yan gini ne na kamfanonin kwangila. Suna kwana a sansanin ma'aikata, da yawa ana dafa musu, suna yin makonni a bakin aiki su koma gida hutu. Kuɗinsu ana tura shi Foland ko Turkiyya ko wata ƙasa, ba a kashe shi a Boden. Wannan shi ne kukan hukumomin garuruwan arewa ma, domin a Suwidin harajin albashi yana zuwa garin da mutum ya yi rajistar zama, ba inda yake aiki ba. Gini kuma ƙarewa yake yi. Ko komai ya tafi daidai, ranar da aka kunna masana'anta 'yan gini za su tafi, a bar ma'aikatan dindindin, waɗanda ba su kai su yawa ba. Boden gari ne na mutum wajen 28,000. Ƙashin bayansa tun da can barikin soja ne da aikin gwamnati, kuma ba su ne masu neman kuka da daddawa ba.

Saboda haka ka auna shagon da wannan ma'auni: in masana'antar ta yi jinkirin shekara biyu, ko ta tsaya, mazauna garin na dindindin za su iya biya maka haya da wuta da albashin mutum ɗaya? In amsar a'a ce, abin da ake tallata maka cinikin biri a sama ne.

Ga abin da zan yi da ni ne. Na farko, ba zan taɓa shagon Uppsala ba, shi ne tulun da ke da ruwa, ba a zubar da shi don ganin hadari. Zan ware krona 100,000 kacal in gwada kasuwar da su, in ɗauka a raina cewa ko sun salwanta ba zan durƙushe ba. Adashen nan kuwa a bar shi inda yake. Kuɗin jama'a ne da za ka ci gaba da zubawa ko ciniki ya yi ko bai yi ba, kuma zumuncin da ke cikinsa ya fi ribar da kake hange.

Gwajin shi ne saye da oda. Ƙanenka ya buɗe zauren WhatsApp na masu buƙata, su faɗi abin da suke so, su biya ta Swish, manhajar tura kuɗi ta waya, kafin kaya su tashi. Kai kuma ka riƙa aika kaya sau biyu a wata. Ka tuna tafiyar ta kusa kilomita 900, kuma naman halal sai da motar sanyi, don haka ka fara da busassun kaya, ka lissafa kuɗin dako a kan kowane kilo kafin ka yanka farashi. A cikin wata shida littafinka zai gaya maka abin da babu wanda zai iya gaya maka yau: mutum nawa ne ke dawowa, nawa kowa ke kashewa, da kuma ko masu iyali ne ko gwauraye masu wucewa. Masu iyali su ne kasuwa. Wanda ya sa yaransa a makaranta ba ya tashi dare ɗaya.

In gwajin ya yi kyau har kana son wuri, ka duba Luleå kafin Boden. Tsakaninsu bai wuce kilomita 40 ba, amma Luleå tana da mutum wajen 80,000, da jami'a mai ɗalibai 'yan ƙasashen waje, da tashar jiragen ruwa, ga babban asibitin Sunderby a tsakanin garuruwan biyu. Masu sayenka a can ba a igiya ɗaya suke rataye ba, kuma daga can za ka iya kai kaya Boden cikin rabin awa ko fiye kaɗan. Akwai masu sayar da kayan Gabas ta Tsakiya da na Asiya a garin, sai ka je da ƙafarka ka ga abin da ba su da shi.

Kan takardar haya, ka nemi shekara ɗaya mai yiwuwar sabuntawa, ko uku in ya matsa, da sharaɗin fita. Ka karanta wa'adin sanarwa da kyau, domin a hayar wurin kasuwanci wata tara ne a ƙa'ida, kuma in ka makara yarjejeniyar tana sabunta kanta. Ka buɗe reshen da sunan kamfani mai iyakantaccen alhaki, wato aktiebolag, wanda jarin buɗe shi krona 25,000 ne, domin in ya faɗi kada ya ja shagon Uppsala. Mai gida zai so ka tsaya wa kamfanin da kanka, abin da suke kira personlig borgen. In ka sa hannu a wannan ba iyaka, ka rushe katangar da ka gina. Ka ba shi ajiyar hayar wata uku a madadinsa, ko a rubuta iyakar abin da za a bi ka. NyföretagarCentrum suna ba masu fara sana'a shawara kyauta, ka kai musu lissafinka, takardar hayar kuma lauya ya duba ta.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro. Za a zo maka da tayin kai abinci ko kaya ga wani kamfanin kwangila, a biya ka bayan kwana talatin ko sittin. Tayin zai yi daɗin ji don odar babba ce. A Skellefteå ƙananan 'yan kasuwa da yawa ta nan aka kwantar da su. In kamfani ya rushe a Suwidin, gwamnati tana lamunce albashin ma'aikata har wani iyaka, bankuna masu jingina suna gaba, mai kawo kaya kuwa yana can ƙarshen layi, sau da yawa ba ya samun komai. Duk wanda ke son kayanka ya biya rabi kafin a ɗora, sauran a ranar da aka sauke, kuma kada bashin da kake bin mutum ɗaya ya wuce ribarka ta wata guda.

Ka gaishe da ƙanen naka, ka ce masa shi ma ya riƙa ajiye albashin wata uku a gefe, ya kuma shiga ƙungiyar ƙwadago da asusun a-kassa, wato inshorar rashin aiki, in bai shiga ba. Bayan wata shida ka aiko mini da lissafin odar, mu duba tare.