Wa ke yanka wa shugaban makarantar makafi albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Daura, na yi NCE a fannin ilimin masu buƙata ta musamman. Burina in koyar a makarantar makafi, in Allah ya yarda wata rana in shugabance ta. Sai wani abokin aikina ya ce min albashin shugaban irin wannan makaranta ba ya kai na takwarorinsa, wai don ɗalibansa ba su da yawa. Gaskiya ne? Kuma wa ke yanka albashin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka wannan buri, domin fanni ne da masu shigarsa ba su da yawa.

Abokin aikinka bai faɗi daidai ba. A aikin gwamnati albashi mutum yake bi, ba kujerar da aka ɗora shi a kai ba. Akwai matakan albashi daga na 1 zuwa na 17. Mai NCE yana farawa daga mataki na 7, mai digiri daga na 8, daga nan sai ƙarin girma, yawanci bayan shekara 3, idan aka kai manyan matakai kuma shekara 4. Saboda haka malamin da ke mataki na 14 abin da teburin albashi ya rubuta wa mataki na 14 zai ɗauka, ko ɗalibansa 80 ne ko 2,000. Teburin kuwa gwamnatin jiha ce ke amincewa da shi, bayan zama da ƙungiyoyin ƙwadago, kamar yadda aka yi a jihohi bayan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ta shekarar 2024. Ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke kula da makarantar ita ke naɗa shugaba, amma ba ta zama da shi a yi cinikin nawa za a ba shi. A kan gundarin albashin ne ake ɗora alawus, irin kashi 27.5 cikin ɗari na malamai da ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta samo daga gwamnoni a 2008, wanda kowace jiha da yadda ta aiwatar da shi.

To, a nan ne damuwata take. Tsarin bai rage wa shugaban makarantar makafi ko kwabo ba, amma kuma bai ga nauyin da ke wuyansa ba. Irin waɗannan makarantu galibi na kwana ne, domin yaran daga ƙananan hukumomi daban-daban ake kawo su, wani daga Funtuwa, wani daga Baure. Hedimastan makarantar jeka-ka-dawo da an tashi ya rufe ofis ya tafi gida. Wannan kuwa idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, shi za a buga wa ƙofa. Dole ya iya karanta rubutun makafi na Braille mai ɗigo shida, wanda ake shafawa da yatsa, in ba haka ba yaya zai duba aikin malamansa? Dole ya san inda ake samo takarda mai kauri da allon huda da tsinkensa, da wanda zai gyara na'urar buga Braille ta Perkins idan ta ƙi bugawa. Yaron da aka kawo yana shekara 10, wanda bai taɓa fita zaure ba tare da ɗan jagora ba, sai an koya masa riƙe farar sanda da gane hanyar aji da ta masallaci da ƙafarsa. Ga kuma aikin da ba a rubuta a ko'ina ba: lallashin uban da ya fi son ɗansa ya bi layin bara ranar Juma'a. Na sha ganin ƙwararrun malamai suna neman a mayar da su makarantar gama-gari, suna cewa tunda kuɗin ɗaya ne, me zai sa su kwana a tsaye. Ban ga laifinsu ba, amma duk tafiyar mutum ɗaya yara ne ke asara, kuma horar da madadinsa a wurare irin su kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo ko Jami'ar Bayero shekaru yake ɗauka.

A ganina abin da ya dace shi ne a liƙa wa kujerar kanta alawus na ɗawainiya, a rubuce cikin takardar umarni ta gwamnati, ba alherin da wani kwamishina zai yi yau magajinsa ya soke gobe ba. A yanka shi da kaso na gundarin albashi don ya riƙa tashi tare da shi, tunda duk mun ga yadda tsadar kaya ke cinye tsayayyen kuɗi. A auna shi da kwanan ɗalibai da takardar shaidar ƙwarewa. Kada a kuskura a auna da yawan kai, nan ne maganar abokinka za ta zama gaskiya, alhali ajin makafi dole ya zama ƙarami don malami hannun kowane yaro yake kamawa ya ɗora a kan rubutu.

Kada kuma ka haɗa albashi da tallafin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Cikin kuɗin da dokar 2004 ta ware mata akwai kashi 2 cikin ɗari na ilimin masu buƙata ta musamman, amma na kayan aiki da gine-gine ne, ba ya shiga aljihun shugaba.

Kai kuma, Malam, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, idan ba ka yi ba, ka ƙaro digiri a fannin, domin NCE kaɗai ba ta kai mutum ƙololuwar matakai. Ka riƙe Braille da hannunka kullum, ko da shafi ɗaya ne bayan sallar Asuba. Ranar da aka kira ka, ka nemi a nuna maka a rubuce matakin da za a ɗora ka da alawus ɗin da ke biye da shi kafin ka sa hannu.