Tambaya da Amsa: Daga Gareji Zuwa Masana'antar Kayan Mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na koyi kanikanci a wani ƙauye kusa da Kazaure, ina sauke inji in mayar. Na ji ana ɗaukar ƙwararru a kamfanonin da ke ƙera kayan mota. Me zan ƙara? Daga wani matashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ƙara awo. A gareji kunne da hannu ne ke aiki, amma masu ƙera kaya, irin na Nnewi a jihar Anambra, lamba suke bi.

Za a miƙa maka zane, an rubuta kaurin sanda milimita 25, ragi ko ƙari kada ya wuce 0.02. Dole ka iya karanta wannan, ka auna da maikuromita, wato na'urar auna kauri, mai nuna 0.01. Goge bakinsa, rufe shi ka tabbatar ya tsaya a sifiri, sannan ka auna wuri uku. Kuma kada ka auna ƙarfen da ya fito daga injin fira da zafinsa. Ƙarfe na kumbura: in zafin ya ƙaru da digiri 50, sandar nan ta ƙara kusan 0.015, wato ta kusa cinye rangwamen gaba ɗaya. Da ta huce sai ta ƙanƙance, boris ya riƙa wasa a kanta, ya yi ƙugi, ya ci kansa. A nan ake kayar da wasu masu neman aiki, kuma abin na damuna, domin ba basira suka rasa ba, ba a taɓa nuna musu ba ne.

Sai lantarki. Ka saba da mitar awon lantarki: cikakken batir wajen bolt 12.6 ne, in inji na aiki ya kai kusan 14. Mayar da motoci kan gas na CNG, wato iskar gas da aka matse a tukunya, ma ya buɗe ƙofa tun bayan cire tallafin fetur a 2023, sai dai tukunyarsa na ɗaukar matsi har 200 a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Kada ka taɓa ta ba horo.

Takarda fa? Zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na 3 zuwa na 1, ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, je ka tambayi kwasa-kwasan injiniyancinsu. Wanda duk ya ce ka biya kuɗi kafin a ɗauke ka aiki, rabu da shi.