Tambaya da Amsa: Shin baƙo yana da haƙƙi idan aka kama shi a Najeriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Dei-Dei, Abuja. Ƙanin matata, ɗan Maraɗi ne ta Jamhuriyar Nijar, yana taya ni zaman shago. An kama shi bisa zargin sayen kayan sata, yau kwanansa huɗu a tsare, kuma an sa ya dangwala yatsa a kan takardar da aka rubuta da Turanci, alhali ba ya jin Turanci ko kaɗan. Wasu sun ce mini tun da baƙo ne, ba shi da bakin magana a gaban shari'a. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga Alhaji M., Dei-Dei.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fitar da shi lafiya. Waɗanda suka faɗa maka haka sun yi kuskure, kuma irin wannan magana ce take sa iyalai su naɗe hannu har lokaci ya ƙure. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wasu haƙƙoƙi ga ɗan ƙasa kaɗai, kamar 'yancin zama a ko'ina cikin Najeriya da ke sashe na 41, amma da ya zo kan kamu da shari'a, a sashe na 35 da na 36, cewa ya yi "kowane mutum". Saboda haka surukinka yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya, kuma doka tana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka.

Kwana huɗun nan abin dubawa ne. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma Abuja ba ta rasa kotuna ba. Lauyanku ya tambaya ko akwai umarnin majistare na ci gaba da tsare shi. Idan babu, yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotu don neman a sake shi.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ya dangwala wa yatsa, domin sau da yawa irinta ce ake ɗora hukunci a kai. Tsarin Mulki ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta, sannan ya ba shi tafinta kyauta a kotu. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ake aiki da ita a Abuja, ta ƙara da cewa a sashe na 17, idan wanda ake tuhuma ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya fahimta, sannan shi ma tafintan ya sa hannu. Idan ba a bi wannan tsari ba, lauya yana da hujjar ƙalubalantar takardar, amma dole ne ya yi magana a daidai lokacin da aka miƙa ta ga alƙali, domin wanda yake da lauya kuma ya yi shiru a kotun farko yakan sha wahala kafin kotun ɗaukaka ƙara ta saurari wannan koken.

Akwai kuma wani haƙƙi da baƙo kaɗai yake da shi. Yarjejeniyar Biyenna ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta amince da ita, ta ce a sashe na 36 dole ne hukuma ta gaya wa ɗan wata ƙasa ba tare da jinkiri ba cewa yana iya neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma jami'an ofishin suna da ikon ziyartarsa da taimaka masa ya samu lauya. Kan wannan haƙƙi ne Jamus ta kai Amurka ƙara a Kotun Duniya da ke ƙasar Holan, saboda wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa na gidan LaGrand da aka zartar wa hukuncin kisa a jihar Arizona a 1999, kuma a 2001 kotun ta yanke cewa Amurka ta keta yarjejeniyar. Ka je ofishin jakadancin Nijar da ke nan Abuja da takardun shaidarsa, amma ka sani cewa jakada ba ya iya hana shari'a. Aikinsa shi ne ya sa ido a yi ta bisa ƙa'ida.

Game da beli, kasancewarsa baƙo ba ya hana a ba shi, sai dai alƙali yakan tsaurara sharuɗɗa don gudun kada ya tsallake iyaka, kamar ajiye fasfo ko kawo mai tsaya masa da ke zaune a Abuja. Kai kanka kana iya tsaya masa, haka ma yayarsa, domin dokar 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Idan kuɗin lauya ya gagara, ku nemi Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, kuma ka aika masa yau cewa kada ya sake dangwala yatsa a kan komai sai lauya yana wurin.