Me ya sa 'yan gidan Wright suka riga kowa tashi?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda masu gyaran keke biyu suka sha gaban manyan masana wajen tayar da jirgin sama. A ganina sirrin yana wajen sarrafa jirgin. Samuel Langley, ɗaya daga cikin manyan masanan, ya karɓi dala 50,000 daga gwamnatin Amurka, ya sa aka ƙera masa inji mai ƙarfi, amma ranar 8 ga Disamba 1903 jirginsa ya afka kogin Potomac.

Su kuwa 'yan gidan Wright, wato Wilbur da Orville, sai da suka shafe shekaru suna shawagi da jirage marasa inji a Kitty Hawk, wani wuri a bakin teku a Amurka. A shagonsu na garin Dayton suka haɗa akwatin da fanka ke hura wa iska, suka gwada siffofin fiffike kusan 200. Matuƙi yana kwance rub-da-ciki, in ya karkata ƙugunsa sai wayoyi su murɗe bakin fikafikan, jirgin ya daidaita. Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai.

Ranar 17 ga Disamba, Orville ya yi daƙiƙa 12 a sama, tafiyar ƙafa 120, da inji mai ƙarfin doki 12 kacal. Kafin su tashi aiki ran nan Wilbur ya kai daƙiƙa 59.