Me ɗalibi zai rubuta a katin aljihu kan jan ido?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da za ka rubuta a katin aljihu saboda majinyacin da ya zo da jan ido. Layin farko: auna gani, kowane ido shi kaɗai, kafin ka ɗiga komai. Amma in ruwan batir ko siminti ne ya shiga, wanki ake fara yi: ruwan salin (ruwan gishiri na asibiti), aƙalla minti 30, a juya fatar ido a cire ɓurɓushi.

Sai ka ɗiga fuloresin, rinin da ke fito da rauni a kan baƙin ido. Gyambo mai rassa kamar bishiya alamar ƙwayar cutar bairas ta hapis ce, kuma sitiroyid, maganin rage kumburi, faɗaɗa gyambon yake yi. Nan akan yi kuskure, don Allah a kiyaye.

Ciwo mai tsanani, amai, baƙin ido ya dushe, matsin ido ya zarce 21 (iyakar matsin lafiyayyen ido a awo) nesa: a tura shi wurin likitan ido a ranar.