Tambayi Likita: Tsofaffi masu mantuwa a ƙaramin asibiti, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Salam likita, ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi a ƙauye. Ana yawan kawo mana tsofaffi wai sun ruɗe, ba sa gane jikoki, wasu su fita su ɓata. An ba mu littafin mhGAP, na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma wallahi layin awo da rigakafi ba ya barin mutum ya buɗe shi. Dan Allah ta ina zan fara? Daga wata 'yar uwa a jihar Katsina.

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya saka da alheri. Littafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a 2010 ta sabunta a 2016, kuma domin irinku aka yi shi, ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba.

Ki fara da tambayar wanda ke kwana da tashi da tsohon, yaushe abin ya soma? In kwana biyu ne ko uku Baba ya rikice lokaci guda, to kar ki ce gigin tsufa ne, ki nemi zazzaɓi, ciwon mafitsara, suga ya hau ko ya faɗi, ko wani magani da yake sha, wannan na gaggawa ne kuma sau da yawa yana warkewa. Cutar mantuwa a hankali take shigowa, watanni har shekaru, sai ki ji an ce yana maimaita alwala, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Ki duba ciwon damuwa ma, yana kama da ita sosai.

Ki gwada hawan jini da suga, ki duba ji da gani. Abin da ya fi damuna shi ne diazepam da ake dirka musu don su yi barci, dan Allah a bari, ƙara ruɗa su yake yi su faɗi su karye.

Sannan mai jinyar, yawanci 'ya ce ko suruka, ki tambaye ta ita ma ya take, tana samun barci? Ki gaya wa iyalin ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba, a daina musu da shi ko kulle shi, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. Ki ce su dawo bayan wata 3. In abin na sauri ne, ko mutum bai tsufa ba, ko ya fara dukan mutane, ki tura babban asibiti ko na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato.