Kwastomomi ba sa ganin rasit a imel: in ba mai haɗa shafi kalmar sirrina ta Gmail?

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke Kano ta aiko da wannan tambaya: “Malam, na biya wani yaro ya haɗa min shafin sayar da kaya a intanet. Oda tana shigowa, kamar 20 zuwa 30 a rana, amma kwastomomi suna ta kirana wai ba su ga rasit a imel ɗinsu ba, har wasu na zaton an damfare su. Yaron ya ce ko dai in ba shi kalmar sirrina ta Gmail ya saka a saba, ko in riƙa biyan wani kamfani dala duk wata. Wanne zan yi?”

Hajiya, Allah Ya ƙara kasuwa. Yaron nan ya gano ciwon, kada ki ga laifinsa a nan. Amma kalmar sirrin Gmail ɗinki na kanki, wanda banki ke turo miki saƙo a ciki, kada ta bar bakinki. Kuma da oda 30 a rana, lokacin biyan dala bai yi ba tukuna.

Bari in fara da abin da ke faruwa. Saba ita ce kwamfutar da shafinki yake zaune a kanta. Shafukan ƙananan 'yan kasuwa da yawa da manhajojin WordPress da WooCommerce ake gina su, kuma idan ba a gyara musu zama ba, sabar ce da kanta take jefa saƙon rasit ɗin. To ita sabar haya ce, ke da wasu shafuka masu yawa kuke zaune a kanta, da adireshi ɗaya ake ganinku. Idan ɗaya a cikinku ya cika mutane da saƙonnin tarkace, duk an shafa muku baƙin jini, wake ɗaya ke ɓata gari. Abin ya fi muni idan yaron ya rubuta adireshinki na Gmail a matsayin mai aikawa, alhali saƙon bai fito daga Google ba. Kamar baƙon yaro ne ya je wa dila a Kwari ya ce Hajiya ce ta aiko shi karɓar bandir goma, babu takarda, babu kiran waya. Wa zai ba shi? Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan bincike, saƙon da ba shi da shaida ko dai a jefa shi kwandon Spam ko a ƙi karɓarsa gaba ɗaya.

Maganin shi ne sabar ta daina aikawa da kanta, ta riƙa miƙa saƙon ga wani asusun imel da aka sani, shi kuma ya kai. Sunan hanyar SMTP. Abubuwa huɗu kawai ake cikawa: adireshin gidan da zai aika, wanda a Gmail shi ne smtp.gmail.com, sai lambar ƙofa, 587 ko 465, sai sunan asusu, sai kalmar sirri. Idan ya ce miki ya gwada ƙofa ta 25 ta ƙi, ba abin mamaki ba ne, kamfanonin hayar saba da yawa sun toshe ta saboda masu aika tarkace. A WordPress akwai ƙaramar manhaja mai suna WP Mail SMTP da ke yin wannan aiki, kuma tana da nau'in kyauta. Aikin da bai kamata ya wuce awa ɗaya ba ne, ki san haka kafin a yanka miki kuɗin aiki.

Yanzu maganar kalmar sirri, wadda ita ce ta fi damuna. Ko kin ba shi ta ainihin ma ba za ta yi aiki ba, domin tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga Gmail na kyauta da kalmar sirri ta yau da kullum. Abin da ake yi shi ne a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wadda ake turo lamba a waya, sannan a ciro wata kalma ta musamman mai harufa 16 da Google ke kira App password. Ita ake sakawa a saba, kuma duk ranar da kika ga dama kina iya soke ta.

Sai dai kada a ruɗe ki da cewa tunda ta musamman ce babu haɗari. Wanda ya riƙe ta zai iya karanta saƙonnin da ke cikin akwatin. Ki tuna abin da ke cikin naki: bayanan banki, hirarki da masu turo miki kaya, da saƙon da ake aikowa idan za a sauya kalmar sirrin Instagram ko Facebook na shago. Shi ya sa nake cewa ki buɗe sabon asusu na shago zalla, da hannunki, da lambar wayarki, ki ciro kalmar ta musamman ki miƙa masa ita kaɗai. Mukullin sito za ki ba shi, na ɗakin kwana yana wurinki. Ki kuma riƙe wannan: ranar da kika sauya babbar kalmar sirrin asusun, Google zai soke ta musamman ɗin, rasit ya tsaya cak ba tare da kowa ya sanar da ke ba, sai an ciro sabuwa an saka.

Mu zo lissafi. Kowace oda tana haifar da saƙo biyu zuwa uku: naki na sanarwa, na kwastoma na karɓar oda, da na cewa kaya sun tashi. Oda 30 ke nan saƙo 90. Gmail na kyauta yana barin saƙo 500 a rana, saboda haka kina da sauran fili sosai. Inda za ki shiga matsala shi ne ana gobe-jibi Sallah ki ce bari a tura tallan sabon leshi ga mutum 3,000 ta wannan asusu. Da kin haura iyaka za a dakatar da aikawa, yana iya kai awa 24, kuma rasit ɗin masu saye shi ma ya maƙale a ranar da kika fi ciniki. Talla da rasit kada su bi ƙofa ɗaya. Kuma wanda bai yarda a riƙa turo masa talla ba a ƙyale shi, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Yaushe za ki biya? Ranar da kika so saƙo ya riƙa fita da sunan shafinki maimakon gmail.com, kuma a ganina wannan ya fi kwarjini ga mai turo miki kuɗin leshi daga Abuja bai taɓa ganin fuskarki ba. A nan akwai Google Workspace, da ake biya duk wata a kan kowane asusu, iyakarsa saƙo 2,000 a rana. Akwai Zoho Mail. Akwai kuma waɗanda aika saƙo ne sana'arsu, irin su Brevo mai tsarin kyauta na saƙo 300 a rana, da Amazon SES da ke karɓar santi 10 na dala a kan kowane saƙo 1,000. Ki duba da kyau, saƙo 2,700 ne naki a wata. Idan aka kawo miki lissafin dala masu kauri, ki ce a nuna miki shafin farashin kamfanin da idonki.

Idan kin bi wannan hanya, ya kamata a saka shaidu uku a rajistar sunan shafin: SPF, mai faɗin sabar da kika yarda ta aika da sunanki, DKIM, mai buga hatimi a kan kowane saƙo, da DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi binciken. A nan ne za ki gane ko sunan shafin naki ne. Na taɓa zama da wani mai sayar da takalma da ya zo gyaran nan, sai muka tarar wanda ya haɗa masa shafi da sunan kansa da imel ɗin kansa ya yi rajistar, ga shi sun ɓata, ya daina ɗaga waya. Ki tambayi yaron yau, tun kuna shiri: da imel ɗin wa aka yi rajista, kuma yaushe za ta ƙare? Ya mayar da ita kan naki.

Kafin ki cika masa ragowar kuɗinsa, ki sa 'yarki ko yaron shago ya yi odar ɗankwali ɗaya da adireshin Gmail, wani kuma da na Yahoo. Ki ga rasit ya sauka a babban akwati da idonki. Sannan a buɗe saƙon na Gmail a kwamfuta, a danna ɗigo ukun nan na gefe, a zaɓi Show original. Idan kin ga PASS a gaban SPF da DKIM, ki sallame shi.